Uwar Maƙerar Muhammad Sani

Tsakanin tafiyar maza masallacin Juma'a da dawowarsu, uwar maƙerar Baba Muhammad Sani ta ɓace.

Dunƙulen ƙarfe ce baƙa mai faffaɗan kai, wadda ake ɗora jan ƙarfe a kanta a buga, nauyinta ya fi na jarka cike da ruwa. Kakan Muhammad Sani ne ya narko ta daga tama tun Shabu tana ƙauye, kuma sama da shekara hamsin tana kafe cikin kututturen ƙirya a rumfar ƙofar gidansu. Manoman wannan yanki, Gwandara da Tibi da Eggon, da wuya ka sami wanda bai taɓa riƙe garmar da aka buga a kanta ba.

Sharhabilu yana gida a Arikya, bai ko cire rigar masallaci ba, mai unguwa ya kira shi a waya. Maharbi ne a da, tun ana samun gada a dajin bayan gari. Da dajin ya koma filoti, sai ya koma bin sawun awaki da shanun da aka sace. Ya hau mashin ya kama hanya, yana kallon hadarin da ya fara haɗuwa a gabas. In ruwa ya sauka, aikinsa ya ƙare tun bai fara ba.

Da ya isa ya tarar da abin da ya fi ƙi: mutum sama da arba'in sun tattake ƙofar gidan, babu sawun da zai karantu. A gindin mangwaro kuma an zaunar da wani saurayi a ƙasa, leɓensa a fashe, rigarsa a yage.

"Wannan fa?" ya tambayi mai unguwa.

"Terungwa ne, manomin doya daga bayan gonakin rogo. Ranar Laraba ya yi cacar baki da Baba Maƙeri, yau kuma an ga mashin ɗinsa a nan muna masallaci. Da ƙyar na ƙwace shi hannun samari. Suna cewa a je a bincike gidansu. Ka san in suka je ba bincike kaɗai za su yi ba, kuma ka san su ma can ba za su zuba ido ba." Ya rage murya. "Na ce su ba ka zuwa magariba. Bayan nan ban san ko za su ji maganata ba."

*

An sauke zanar da ke rufe gaban rumfar. Sharhabilu ya ɗaga ya shiga. Zugazugai na fatar akuya suna kwance a gefen murhu, masaba da awartaki a rataye a jikin gini, buhun gawayi a kusurwa. Babu abin da aka taɓa. An share ƙasa tsaf, amma wannan ba abin mamaki ba ne, ranar Juma'a ba a hura wuta.

Ya tsuguna gaban kututturen. Ya zaci zai ga saran gatari ko alamar an ɓanɓare ƙarfen da ƙarfi. Babu. An cire ƙananan itatuwan da suka matse ta ɗaya bayan ɗaya, ramin kuma an toshe shi da laka haɗe da toka, an shafe saman sumul. Ya danna da yatsa. Lakar ba ta bushe ba.

Shekara ashirin yana bin ɓarayi, bai taɓa ganin wanda ya tsaya gyara wurin da ya yi sata ba.

Baba Muhammad Sani yana zaune kan turmi a zaure, dogon tsoho mai faɗin ƙirji, ƙafarsa ta hagu naɗe da tsumma. Sharhabilu ya durƙusa gabansa. Tsohon bai san da zuwansa ba sai da ya ji sallamarsa.

"A'a, Sharhabilu ne. Sun taso ka."

"Sun taso ni, Baba. Yaushe rabonka da ita?"

"Da hantsi na taɓa ta. Ɗana Ya'akubu ya zo ya ɗauke ni a mashin muka tafi masallaci. Da muka dawo na sa hannu, babu."

"Wa kake zargi?"

"Ban ga kowa ba."

"Terungwa fa?"

Tsohon ya daɗe yana murza gemunsa. "Ban ga kowa ba," ya sake cewa.

Daga cikin gida wani tari ya taso, mai tsawo, irin wanda yake fitowa daga ƙasan ƙirji. Sharhabilu ya leƙa. Inna Batulu, matar maƙerin, tana tsaye a bakin ɗakin girki riƙe da kwanon ruwa, ƙaramar tsohuwa, hannuwanta duk tabon tartsatsi.

"Inna, ke kina gida. Ba ki ji motsi ba?"

"Ina ciki ina aiki." Ta miƙo kwanon. "Ka kai wa yaron can. Na faɗa musu ba shi ba ne."

"To wane ne, Inna?"

"Su ma haka suka tambaye ni."

Ta juya ta shiga ɗaki. Ya tsaya da kwano a hannu, bai gane ko amsa ta ba shi ko korarsa ta yi ba.

*

Terungwa ya shanye ruwan kafin ya yi magana.

"Oga Sharhabilu, ni ban taɓa ƙarfe ɗin ba. Me zan yi da shi? Ni doya na sani."

"Laraba me ya haɗa ku?"

"Garma. Ya yi min garma, baki ya karkace, gefe ɗaya kauri, gefe ɗaya kamar takarda. Na buga ƙasa sau uku, ya tsage. Babana a hannunsa ya sayi garma, kakana ma haka. Ba a taɓa ganin irin wannan ba. Na ji zafi. Na ce in ya gaji da aiki, ya ba da ƙarfe ɗin ga wanda zai iya. Shi ke nan abin da na ce. Yanzu suna cewa na ce zan ɗauke."

"Yau me ya kawo ka?"

"Mama ya yi min faɗa, ya ce in zo in ba Baba haƙuri. Na manta yau Juma'a. Na zo, zana a rufe, na yi sallama babu kowa, na koma kasuwa."

"Inna Batulu ba ta amsa ba?"

"Babu kowa, Oga. Na yi sallama sau uku."

Sharhabilu ya duba inda aka ce an ga mashin ɗin. A gefen lambatu ya sami ɗan guntun sawun taya da ba a taka ba. Zurfinsa na shiga da na fita ɗaya ne. Amma guntu ne da bai fi kamu biyu ba, kuma nauyin jarka guda a bayan mashin ba lallai ya nuna a ƙasa mai tauri irin ta wurin ba. Bai wanke Terungwa ba, bai kuma kama shi ba. Ga Inna Batulu ta ce tana ciki, shi kuwa ya ce babu kowa. Ɗayansu bai faɗi daidai ba.

Wata maƙwabciya mai tuyar ƙosai ta jawo shi gefe. Ta ce da azahar ta ga ɗan gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, ya wuce da amalanke, yana buga ƙarfe yana kira, har ya ɗan tsaya a gaban rumfar.

Wannan kam sawu ne da zai biyu. Tayoyi biyu, ɗaya tana lilo. Ya bi su ta lungu uku har bakin babban titi, ya tarar da mutumin a inuwar wani shago yana cin gyaɗa. Ya kwashe kayan amalanken ɗaya bayan ɗaya: tsofaffin tukwane, batirin mota, ƙafar keken ɗinki. Babu uwar maƙera.

"Ni ban ɗauka ba," in ji ɗan gwangwan. "Amma tun da ka tambaya, ɗan gidan ya taɓa tare ni. Ya ce wata rana zai kira ni in kwashe komai na rumfar nan, tsoho ya huta. Shi ya sa in na wuce nake leƙawa."

*

Ya'akubu mai walda ne, yana da shago a Azuba inda yake ƙera ƙofofi da tagogi. Shi ya fi kowa zafi a kan Terungwa. Sharhabilu ya ja shi bayan mangwaro ya maimaita masa maganar ɗan gwangwan.

Ya'akubu ya sunkuyar da kai. "Na faɗa. Ɓacin rai ne. Ka ga ƙafarsa? Litinin jan ƙarfe ya suɓuce masa. Mutumin da tun ina yaro ban taɓa ganin awartaki ya kuɓuce masa ba. Na ce ya daina, ya ce in fita masa daga rumfa."

"To ko ka sa wani ya ɗauke kuna masallaci?"

"Ni? Malam Sharhabilu, a kan ƙarfen nan aka yi min aski ranar suna. Da muna yara, gidan nan kowa da aikinsa. Baba yana bugu, Inna tana zuga, yayyena mata suna fasa gawayi suna wasa bakin lauje, ni ina fere ƙota. Ba a cin abincin safe sai ƙarfen farko ya shiga ruwa. Yanzu duk mun watse, su biyu suka rage. Watan jiya Inna ta kira ni ta ce in dawo in karɓi rumfar. Na ce ba zan iya ba, ina da yara bakwai da ke koyon aiki a hannuna. Ta kashe wayar. Shi ke nan laifina."

"Me ya sa ta ce ka dawo?"

"Ba ta faɗa ba."

Sharhabilu ya koma gefe ya tsaya. Yanzu yana da mutum uku, kowa da dalili, babu wanda ƙasa ta nuna. Ɗan gwangwan zai sata amma ba zai toshe rami ba. Ya'akubu zai toshe rami amma yana sahun gaba a masallaci, tsohon a gefensa. Terungwa kuwa bai san yadda ake cire itatuwan matsi ba tare da ya farfasa su ba. Ko kuwa ya sani? Tun yana yaro yake zuwa rumfar. Iska ta fara kaɗa ganyen mangwaro, samari suna duban sama suna dubansa.

Sai ya tuna duk wannan lokaci ƙofar gida yake ta dubawa don nan mutane suka nuna masa. Bai zagaya baya ba.

*

Bayan gidan akwai ƙaramar ƙofar langa-langa da ke fita ga hanyar ƙafa, wadda ta ratsa gonakin rogo. An yi yayyafi daren Alhamis, ƙasar nan kuma babu wanda ya taka. Ga sawun baro ƙafa ɗaya, sabo. Na fita ya nutse, na dawowa ya bi sama-sama. Baron kansa yana jingine a jikin katanga daga ciki, an wanke shi.

Ya bi sawun da sauri. Ya wuce gona ta farko, ya wuce ta biyu, ya tsallake ɗan kwari. Da ya ɗaga kai, sawun ya miƙe kai tsaye zuwa wani gida mai bukkoki uku da rumbun doya. Ya san gidan. Gidan su Terungwa ne.

Ya zauna a kan kunyar rogo ya dafe kai. Ke nan samarin sun yi gaskiya. Yaron ya kawo mashin ƙofar gida don a gan shi ya tafi hannu wofi, sannan ya zagayo ta baya. Amma wane ɓarawo ne zai mai da baro, har ya wanke shi? Kuma ta tsakar gida zai bi, gaban Inna Batulu. Ko tsoratar da ita ya yi, shi ya sa take magana rabi da rabi? To me ya sa take aika masa ruwa? Duk inda ya juya maganar, sai wani gefenta ya ƙi zama.

In ya koma ya ce sawu ya shiga gidan nan, kafin isha'i an cinna wa bukkokin wuta. In ya yi shiru, ya ci amanar wanda ya kira shi.

Ya tashi ya koma baya a hankali, wannan karon ba taya yake kallo ba. A gefen sawun akwai ƙananan ramuka biyu, inda ƙafafun baro suka sauka aka huta. Ya ƙirga taku: tara, ga wasu ramukan. Takwas, ga wasu. Tara. Shida. Daga ƙofar baya zuwa kwari an ajiye baron nan sau goma sha tara.

Terungwa yana tada tudun doya ɗari biyu kafin rana ta take. Ƙarfen nan a kafaɗa zai kawo shi gida ba tare da ya tsaya ba.

Ya tsuguna sosai. Mai tura baro taya ba ta taka sawunsa, yana nan a baya. Silifas ne, ƙanana, iri biyu. Ɗaya ya cinye ta dunduniya, ɗaya an ɗaure shi da waya, wayar tana barin ɗan zane a ƙasa. A kowane hutu suna musanya: wadda ta tura ta koma gefe, ta gefe ta karɓa. A hutu na goma sha ɗaya mai silifas ɗin waya ta durƙusa. Ga gwiwoyinta, ga tafin hannu ɗaya da ta dafa ƙasa, ga kaki baƙi-baƙi a kan ganyen rogo.

Ɗigon ruwa na farko ya sauka a wuyansa.

*

Mama Mwuese, mahaifiyar Terungwa, tana tuyar garin rogo a babban kasko, hayaƙi ya cika rumfar. Ta gan shi, ta ci gaba da juyawa.

"Mama, baro ya shigo gidan nan da azahar."

"Kullum baro yana shigo. Rogo ne."

"Rogon da tsofaffi biyu suka huta sau goma sha tara kafin su kawo shi?"

"Ni ban gani komai. Ni ina gari tun safe."

"Mama, Terungwa yana gindin mangwaro a ƙofar Baba Maƙeri. Sun fasa masa baki. Suna cewa shi ya sata, suna shirin zuwa nan."

Ƙoƙon juyin ya faɗi cikin kasko. Ta kalle shi kamar ba ta ji Hausar ba. "Yana kasuwa. Na aika shi gidan Baba tun safe, na ce daga can ya wuce kasuwa."

"Da azahar ya je. A kasuwar suka kamo shi."

Ta janye itacen wuta, ta ɗaura ɗankwali. "Batulu ya sa na rantse. Shekara talatin muna tare, shi ya karɓi haihuwar Terungwa a wannan ɗaki. Ya ce kwana uku kawai." Ta nuna rumbun doya da haɓa. "Yana ciki. Amma ni ba zan faɗa dalili. Shi zai faɗa da bakinsa."

*

Ruwa ya kece suna isa gidan maƙerin, shi da Mama Mwuese. Ya taimaka, don ya kori rabin taron zuwa ƙarƙashin rumfunan maƙwabta. Sharhabilu ya roƙi mai unguwa ya shigar da mutum shida kawai zaure: Baba Maƙeri, Inna Batulu, Ya'akubu, Terungwa da mahaifiyarsa, da babba ɗaya daga cikin samarin don ya zama shaida.

Mama Mwuese ta zauna kusa da ɗanta tana taɓa leɓensa. Ba ta kalli ƙawarta ba.

"Na san inda ƙarfen yake," in ji Sharhabilu. "Yana rumbun doyar gidan su Terungwa."

Ya'akubu ya yunƙura. Mai unguwa ya riƙe masa riga.

"Amma ba Terungwa ya kai shi ba. Ta ƙofar baya ya fita, a baron gidan nan. Mutum biyu suka tura, mata, ba yara ba. Ɗaya ta faɗi a hanya tana tari. Iyakar abin da ƙasa ta faɗa min ke nan. Dalili kuwa, rantsuwa zan yi ban gane ba."

Babu wanda ya kalli ƙafar Inna Batulu, amma ta janye ta cikin zane.

"Inna?" in ji Ya'akubu. "Ke? Kina tsaye muka doki yaron nan."

"Ina tsaye." Muryarta ba ta fita sosai. Ta juya wajen mijinta. "Maigida, ka yafe min abin da zan faɗa a gaban mutane."

Sai ta ci gaba.

"Shekara biyu ke nan ba ya ganin launin ƙarfe a wuta. Ranar farko na ga ya bar shi yana ƙonewa, yana ta kallon wurin. Ina kan zuga, sai na yi tari. Ya ciro. Washegari ma haka. Daga nan ya zama in ƙarfe ya nuna, tari ɗaya. In yana bugu ya kauce, biyu. Bai taɓa ce min ba ya gani ba, ni ma ban taɓa ce masa na sani ba. Mun yi damina biyu a haka, babu garmar da aka dawo da ita."

Ta tsaya, tarin ya kama ta har sai da ta dafa bango.

"Yanzu ga shi ya zama na gaske. Likita ya ce hayaƙin gawayi ne, in bar kusa da wuta. Ba na iya riƙe shi. Ina tari, shi yana ciro ƙarfe ɗanye. Garmarka, Terungwa, ni na lalata ta. Litinin na yi tari yana tsakiyar ɗagawa, ya juyo da sauri, ƙarfen ya sauka a ƙafarsa. Gobe a ido ne ko a ciki. In na ce ya daina, sai na faɗi dalili, duk unguwa ta ji maƙeri ya makance. Na ce in ƙarfen ya ɓace, sai a ce sata ce ta tsayar da shi. Ban yi tunanin za a nemi ɓarawo har a doki wani ba. Da suka kawo yaron nan na buɗe baki, na kalli Maigida a zaune, na kasa."

Ruwa yana dukan kwano. Saurayin da aka shigo da shi shaida ya sunkuyar da kai yana kallon hannuwansa.

"Na san ke ce," in ji Baba Muhammad Sani.

Duk suka juya.

"Da na sa hannu a kututture na ji laka da toka. Haka tsohuwata take toshe ramin in an cire ƙarfe, don kada ruwa ya shiga itace ya ruɓe. Ita ta koya miki kina amarya. Babu mai rai da ya san wannan sai ke."

Mai unguwa ya ce, "Baba, ka sani, kana zaune a nan ake dukan ɗan mutane a ƙofarka?"

"Ina jin ƙarar dukan," in ji tsohon. "In na ce ita ce, za a tambaye ni me ya sa. Na zauna ina cewa yanzu zan tashi, yanzu zan tashi. Ban tashi ba." Ya juya fuskarsa wajen ƙofa, inda yake zaton Terungwa yake, alhali yaron yana ɗaya gefen. "Ɗana, laifin nan nawa ya fi na kowa. Ka yafe min."

Terungwa ya miƙe, ya fita cikin ruwan.

Mai unguwa ya matso kusa da Sharhabilu. "To yanzu me zan ce wa mutanen waje? An kama ɓarawo ko ba a kama ba?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe. Mace ta ɗauki kayan gidanta ta kai gidan ƙawarta. Ban san sunan wannan ba."

Baba Muhammad Sani ya dafa bango ya miƙe. "Ni zan faɗa musu. Ya'akubu, riƙe min hannu. Ban ga ƙofar ba."

Ya'akubu ya riƙe shi, yana kuka ba sauti.

*

Ruwan yana tsagaitawa Terungwa ya dawo, jiƙe sharkaf, uwar maƙera a kafaɗarsa. Mutane sun riga sun ji daga bakin tsohon. Suka dare masa hanya. Bai kai ta rumfa ba. A gindin mangwaro ya sauke ta, daidai inda aka zaunar da shi.

"Waɗanda suka doke ni, su shigar da shi," ya ce.

Ya kama hannun mahaifiyarsa suka tafi. Inna Batulu ta kira sunanta sau ɗaya daga bakin zaure. Mama Mwuese ta ɗan tsaya, ba ta waiwayo ba, sannan ta bi ɗanta.

Samari huɗu ne suka ɗauki ƙarfen da mutum ɗaya ya kawo. Washegari mai unguwa ya tasa su gaba har gidan bayan gonakin rogo suka ba da haƙuri. Terungwa ya saurare su yana wasa addarsa, ya ce ya ji. A shekarar, a kasuwar Lafiya ya sayi garma. Ya'akubu ya mai da uwar maƙera cikin kututturenta, ya matse ta da kyau, amma ba a sake hura wuta a rumfar ba. Wasu sun ce Batulu ta ci amanar miji, wasu sun ce ta cece shi, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne yake faɗin duka biyun a zama ɗaya.

Bayan mako biyu Sharhabilu ya bi ta Shabu da hantsi, neman wasu tumaki. A bakin titi ya hango Baba Maƙeri da Inna Batulu zaune a kan benci suna jiran keke napep, kowa da katin asibiti a hannu. Mama Mwuese tana can ƙarshen bencin da ledar ayaba a cinya, ta bar tazarar mutum ɗaya tsakaninta da ƙawarta. Ya tsayar da mashin ya nufo su.

Tsohon ya ɗaga kai da ya ji taku. "Wa ke zuwa?"

"Sharhabilu ne," in ji Inna Batulu, da ƙarfi yadda har mai shagon gefe ya ji. "Yana hannun damanka. Miƙa masa hannu, ya kusa."